Fuskar Bango da Cikin Gida: Sharhi a kan Yadda Marubuta Suka Auna Arzikin Unguwannin Zariya

Sunan Zariya ɗaya ne a bakin mutane, amma wanda ya taka ta da ƙafa ya san garuruwa ne da dama aka ɗaure da igiya guda. Akwai Birni, cikin tsohuwar ganuwa, inda fada take da babban masallaci da unguwannin malamai. Da an fita Ƙofar Doka sai Tudun Wada. In aka ƙetare Kubanni a iske Sabon Gari da tashar jirgin ƙasa da kantuna, da kuma unguwar da Turawa suka keɓe wa kansu. Can gaba ga Samaru da Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, ga kuma Wusasa a gindin dutsen Kufena. Baƙon da ya zaga waɗannan wurare yini guda ba ya rasa yanke hukunci kafin magariba, hukuncin kuwa kusan kullum iri ɗaya ne: wai al'ada da talauci suna cikin ganuwa, kuɗi da zamani suna waje.

Nufin wannan takarda shi ne a gwada hukuncin nan da abin da waɗansu masana suka rubuta game da Zariya, a ga inda idon kowannensu ya kai da inda ya tsaya. Maganar ba ta jayayyar malamai kaɗai ba ce. Yadda aka ɗauki unguwa, haka akan yi mata hidima: wadda aka ɗauka matalauciya ce tun fil'azal ba a hanzarta kai mata famfo da kwalta, wadda kuwa aka ɗauka kayan kallo ce sai a so ta zauna yadda take, ko da masu ita suna kwana cikin yoyo.

Wanda ya kamata a fara da shi shi ne M. G. Smith, mutumin Jamaika, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya fitar da littafinsa Government in Zazzau a 1960. Littafin na sarauta ne, ba na unguwanni ba, amma duk mai son ya gane arzikin Birni tilas ya bi ta kansa. Smith ya bayyana yadda gidaje huɗu, watau Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, suka yi ta karɓar sarauta daga hannun juna bayan jihadi, da yadda sabon sarki kan tuɓe mutanen wanda ya gada ya naɗa nasa, sau da yawa kuma dukiya ta bi rawani. Ya nuna arzikin manyan Birni daga waje yake shigowa: harajin garuruwan da kowane mai sarauta ke riƙe da su, da amfanin rumada da rinjoji inda bayi ke noma. Wannan magana ba ta da daɗin ji, amma ba ta ɓoyuwa. Sorayen da ake alfahari da su na ƙarni na 19 da gumin bayi aka gina da yawa daga cikinsu. A wata maƙala tasa ta 1959 kuma ya yi bayanin matakan daraja a wurin Hausawa, inda ya bambanta sana'ar karda, wadda mutum ya gada, da ta shigege, wadda ya shiga da kansa, ya kuma nuna kuɗi kaɗai ba sa ɗaga mutum sama da matakin sana'arsa. Mahauci ko ya fi malami kuɗi sau goma, shi ne zai fara gaisuwa.

Nan ne ƙarfin Smith yake, nan ne kuma rauninsa. Ya san kowace sarauta da abin da ke ƙarƙashinta, amma mai karatu zai gama littafin bai ga lungu ko ɗaya ba, bai san inda marina take ba balle inda mabuga suke. Zariyarsa tsani ce ta muƙamai, an jingina ta a sarari babu ƙasa.

Ƙasar da Smith ya bari ita Alvin Urquhart ya ɗauka a littafinsa Planned Urban Landscapes of Northern Nigeria, wanda maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta buga a 1977. Shi mutumin taswira ne, abin da ya fi ba ƙarfi kuwa shi ne unguwannin da Turawa suka shata. Tarihin a taƙaice ga shi. Turawa sun kafa sansani a Zariya a 1902. Hanyar jirgin da ta isa Kano a 1911 ta Zariya ta bi, amma ba a kai tasha bakin ganuwa ba, an ajiye ta can arewa da Birni. Daga baya aka ja reshe zuwa ƙasar kuza ta Jos, aka ja wani ya kai Ƙauran Namoda a 1929, har Zariya ta zama mahaɗar hanyoyi. Inda tasha take nan kamfanoni suka kafa kantuna da ma'ajiyar auduga da gyaɗa. Har yanzu akwai wurin da ake kira Fizet, da sunan kamfanin Paterson Zochonis. Ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu aka yanka musu filaye a Sabon Gari, layi-layi kamar gidan dara, kuma da farko ba sa ƙarƙashin hukuncin Sarki, suna hannun majistare Bature. Baƙi 'yan Arewa aka ba su Tudun Wada, ƙarƙashin En'e. Turawa kuwa, bisa tsarin Gwamna Lugga da dokar garuruwa ta 1917, suka sa a bar fili na yadi 440, watau rubu'in mil, tsakanin gidajensu da na kowane baƙar fata, wai don gudun sauro da zazzaɓi. Sauro dai bai san yadi ba, amma famfo da lantarki da kwalta sun san shi sarai, domin a ɗaya gefen suka fara sauka.

Amfanin wannan irin nazari babba ne, gama yana kashe zaton cewa bambancin unguwannin nan halitta ce. Da alƙalami da ma'auni aka yi shi, cikin shekaru kaɗan. A lokacin da ciniki ke komawa bakin tasha, a lokacin ne kuma aka fitar da hakimai daga Birni aka ce kowa ya zauna a gundumarsa, aka yanka musu albashi daga baitulmali, aka hana kamu da sayar da bayi. Ashe Birni an toshe mata magudanar arzikinta ta dā, sabuwar kuwa an haƙa ta nesa da ƙofofinta. To, amma kalmar da Urquhart ya sa a kan littafinsa, mai ma'anar abin da aka tsara, tana iya sa mai karatu ya zaci abin da ke cikin ganuwa tsiro ne kawai. Ba haka ba ne. Birni tana da nata tsari, sai dai ba na layi ba ne, na zumunci ne da sana'a da sarauta. Unguwar Juma da Limancin Kona da Kusfa an san su da karatu. Sunan Unguwar Nufawa ya faɗi asalin masu ita. Iya da Ƙaura da Magajiya sunayen sarautu ne suka zama sunayen unguwanni. Filayen da aka bari cikin ganuwa ma da gangan aka bar su, domin a yi noma in maƙiya sun tsare ƙofa. Taswira tana nuna lungu ya karkace, ba ta faɗin cewa ya karkace ne don ya kauce wa gidan wani malami.

Saura masu nazarin bango, su ne kuwa suka fi kusa da idon baƙon da aka ambata da farko, don haka a kansu ya kamata a daɗe. A 1963 A. H. M. Kirk-Greene ya fitar da ɗan littafi mai suna Decorated Houses in a Northern City, a kan zanen da ake yi a fuskar gidajen Zariya. Bayansa Friedrich Schwerdtfeger, masanin gine-gine, wanda ya riga ya auna gidajen cikin Birni ɗaki-ɗaki ya gwada su da na Ibadan da Marakish a littafinsa na 1982, ya shafe shekarun 1976 zuwa 1985 yana bin gidajen nan masu zane. A ƙirgarsa ta farko ya sami kusan gida dubu. Littafin da ya fito daga wannan aiki, Hausa Urban Art and its Social Background, sai a 2007 aka buga shi.

Abin da ake gani a bangon sananne ne: dagi da sarƙaƙƙun zane irin na wuyan babbar riga da na aikin dukawa, ga takobi, ga keke da mota da jirgin sama da agogo, waɗansu an tayar da su da laka sun yi tudu, waɗansu an karce su a jikin siminti an shafa musu launi. Mai kallo yakan ce, ga tsohuwar al'ada. Amma keke ba tsohuwar al'ada ba ne, kuma mutumin da ya sa aka ɗora masa jirgin sama bisa ƙofar zaure ba kakanninsa yake tunawa ba. Galibin zanen waje na ƙarni na 20 ne, ya bunƙasa ne a zamanin da kuɗin auduga da gyaɗa da fatauci da kwangila suka shiga hannun mutanen da ba su da rawani.

Wanda ke son ya ga yadda tsohon arziki ke magana, sai ya dubi Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Daga waje, yadda ya bar shi, ginin ba ya da wani ado mai ɗaukar ido, bango ne na ƙasa da tulluwa a bisa. Sai an shiga ciki a ɗaga kai, sa'an nan a ga bakan gizo yana tashi daga ginshiƙi ya sadu da ɗan'uwansa, a ga ɗaurin azara, a ga zane mai zurfi a jikin ginshiƙan, natsattse, ba gaggawa a cikinsa. Haka tsarin manyan gidaje yake. Daga titi katanga ce da zaure. Bayan zaure ƙofar gida, bayanta shigifa, kana cikin gida. Gwargwadon kusancin mutum da maigida, gwargwadon abin da za a bari ya gani. Dalili ɗaya addini ne da tsare iyali. Ɗaya dalilin kuwa yana cikin littafin Smith, ko da shi ke bai haɗa shi da gini ba: a garin da sauyin sarki kan iya tafiya da dukiyar mutum, mai hankali ba ya rubuta yawan abin hannunsa a bangon waje. Kuma wanda kowa ya san ubansa da kakansa ba ya bukatar bango ya gabatar da shi.

Saboda haka gida mai zane da gida marar zane, a lungu ɗaya, suna iya zama shaidar arziki iri biyu. Ɗaya arziki ne na mutane: yawan masu sallama a zaure da asuba, yawan almajirai, yawan kwanon da ke fita da dare, yawan waɗanda za su taso in an yi rasuwa. Ɗayan na kuɗi ne, sabo, mai son a san da zuwansa. Iyakar da baƙo ya ja a bakin ganuwa, ashe ta ratsa ta tsakiyar Birni ma. Malamin Unguwar Juma da katangarsa ta zaizaye yana iya aika yaro ya kira attajirin da ke da bene a Tudun Wada, attajirin kuma ya zo ya tuɓe takalmi a ƙofar zaure. Ba a nufin a ce babu talauci a Birni. Akwai shi, mai tsanani ma, kuma daraja ba ta biyan kuɗin asibiti. Abin da ake nufi shi ne bango mugun mashaidi ne, yakan ƙara wa wani ya rage wa wani.

Kirk-Greene ya cancanci yabo domin ya ga abin nan ya isa a rubuta shi tun mutane suna wuce shi ba sa waiwaye, amma aikinsa gajere ne, na mai nuna wa baƙo gari. Schwerdtfeger ya fi shi nisa ƙwarai, gama bai tsaya ga hoto ba, ya zauna da masu gida da magina, ya rubuta tarihin rayuwar masu sana'ar da dama. Wannan ne ya fi kome daraja a aikinsa: ya mai da magini mutum mai suna da maigida da almajirai da salon hannu, bayan an daɗe ana maganar ginin Hausa kamar ƙasa ce ta tashi ta gina kanta. Inda za a yi masa gyara shi ne, aikin ya faro ne da niyyar ceton abin da ke ɓacewa, mai ceto kuwa ba safai yake sauraron hujjar wanda ya rushe ba.

Hujjar kuwa tana da nauyi. Ruwan Zazzau ya fi na Kano yawa, soron ƙasa yana son yaɓe da gyaran indararo kusan kowace shekara. A dā akwai hannuwan da za su yi wannan aiki ba da lada mai yawa ba. Da suka watse, gyara ya koma na kuɗi. Har wa yau kayan shafen kansu sun dogara ga waɗansu sana'o'i. Makuba daga kwasfar ɗorawa ake jiƙo ta. Laso, wanda ke hana ruwa shiga soro, ana haɗa shi da katsi daga karofin marina, da gashin da majema suka kankare, da dafara. Sa'ad da atamfa da shuɗin kanti suka kashe kasuwar marina, katsi ya yi wuya. Watau mutuwar karofi ta taɓa rufin ɗaki. Maigidan da ya cire azara ya sa kwano, ya shafe dagi da siminti, ba jahilcin kyau ne ya sa shi ba, lissafi ya yi. Masallacin Babban Gwani kansa bai tsira ba: a shekarun 1970 aka lulluɓe abin da ya rage na tsohon ginin da sabon gini na kankare, har ya zama mai son ganin siffarsa ta waje sai ya tafi Jos, inda aka gina kwatankwacinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya.

Akwai kuma abin da littattafan nan duka suka yi wa rowar tawada, watau yadda unguwannin ke cuɗanya duk da iyakokin da aka ja. Hausar boko da ake karantawa ko'ina a Arewa, wajen ganuwa aka yi renonta: jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya a 1945 a gefen Tudun Wada. Likita Mila ya zauna cikin Birni tun 1905 da makarantarsa da ɗakin magani, sai a 1929 aka mai da mishan ɗin Wusasa. Cocin da aka gina a can kuwa da tubali da azara aka yi shi, da hannun maginan Hausa, har wanda ya hango shi zai zaci soron wani hakimi ne. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya hau a 1903 aka tuɓe shi a 1920, yana cikin fada ya yi waƙa a kan aikin diga. 'Ya'yan Birni da yawa da safe suna Kongo ko Samaru a ofis da aji, da magariba suna zauren gidansu. Amma rabuwar ma ta ci nata rabo. Mutanen da aka zaunar shekaru hamsin suna cin kasuwa ɗaya ba sa zuwa sunan juna, da fitina ta tashi a 1966 Sabon Gari ce ta sha ta, aka kashe Ibo da yawa, saura suka gudu. A 1987 kuma rikicin Kafanchan ya iso aka ƙone majami'u. Wanda zai rubuta tarihin filin yadi 440 da layukan Sabon Gari bai kyauta ba in ya tsaya a taswira bai kai ga waɗannan shekaru ba.

Abu na ƙarshe da ya kuɓuce wa mazan nan huɗu shi ne abin da ke bayan shigifa, ko da wanda ya shiga ya auna ɗakuna, gama awon ɗaki dabam, sanin abin da mai ɗakin ta mallaka dabam. Wadda ta kai can ita ce Mary Smith, matar M. G. Smith, wadda ta zauna da wata tsohuwa tana rubuta labarinta da Hausa, aka buga shi da Turanci a 1954 da sunan Baba of Karo. Baba ba 'yar Birni ba ce, mutuniyar karkara ce, amma daga bakinta aka ji yadda dukiyar mata ke tafiya: sana'ar cikin gida, da biki da ramuwarsa, da ƙawance, da kayan ɗakin da uwa ke tarawa tun 'yarta tana ƙarama. A Birnin Zariya wannan dukiya ba ƙarama ba ce. Jeren tasoshi da kwanoni da gado mai rumfa taska ce da mace ke iya sayarwa ran da ta ɓaci, ba kuwa mai ganinta daga titi. Ɗinkin babbar riga, aska biyu da aska takwas, wanda Zariya ta yi suna a kansa, a dā aikin maza ne, galibi malamai da almajirai a zaure. Tun daga wajen shekarun 1970 mata suka shiga shi sosai daga cikin ɗakunansu, yara suna kai da kawowa tsakaninsu da dillalai. Rigar da wani babban ma'aikaci zai sa ya fito daga gidansa mai furanni a tsohuwar unguwar Turawa, ko a Kaduna, ko a Abuja, sau da yawa a bayan wata katangar ƙasa marar zane aka yi wata da watanni ana huda ta da allura.